Sunaye Goma Sha Ɗaya Da Na Ba Depite

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kamar yadda na buɗe waɗanda suka gabata. Musa, Rabi, Hadiza, Auwalu, ku karanta shi a jere, kada wani ya tsallaka zuwa ƙarshe. Magana biyu ake yi a kaina a New Bell, unguwarmu ta Duwala, shekara da shekaru. Ta farko, wai na sayar da baƙina. Ta biyu, wai na hana ɗana Musa aiki a tashar jiragen ruwa saboda taurin kai. Ta farko ƙarya ce, amma akwai laifina a cikinta. Ta biyu gaskiya ce, kuma ban taɓa nadamarta ba. Zan faɗi yadda abin ya faru, ɗaya bayan ɗaya, domin na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba sa wurin.

Gidanmu masauki ne tun ranar da kakanku Malam Idi ya sauka Duwala da fataken goro. Ɗakuna biyar ɗin nan da ke bayan zaure, waɗanda yanzu kuke jibge tsofaffin katifu a ciki, na baƙi ne. Duk Bahaushen da ya sauko daga jirgin ƙasa ko daga bayan motar albasa bai san kowa ba, gidan Malam Idi ake nuna masa. Za a ba shi tabarma da buta da tuwo, a nema masa inda zai yi dako ko ɗinki ko talla. Kakanku yana da ƙa'ida biyu a kan baƙi. Ta farko, ba a tambayar baƙo sunansa sai ya kwana uku, kafin nan Baƙo kawai ake ce masa. Ta biyu, ba a rubuta sunan baƙo. Ina saurayi, na gama 'yan shekaruna shida na lekol, wato makarantar boko, ina jin babu wanda ya kai ni tsari, na sayo littafi na ja masa layi da rula zan rubuta mutanen gidan. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙa wa Inna ta tura ƙarƙashin tukunya.

"Sale," ya ce da ni, "abin da ka rubuta wani ne zai karanta, kuma ba kai za ka zaɓi wanin ba. Ka riƙe mutanenka a kanka."

A zuciyata na ɗauka jahilci ne irin na tsofaffi. Haka na ci gaba da ɗauka har ya rasu, gida ya dawo hannuna.

Shekarun da nake magana a kansu ku manyan kun tuna su. An yanke albashi, kamfanoni sun rufe, an yi watanni ana kulle gari, ba kasuwa ba taksi, hayaƙin taya a kowace mararraba. Mutum ya tashi da safe ya tafi babbar kasuwa, Marshe Santiral, a ƙafa ya tarar da ƙofofi a garƙame, ya dawo a ƙafa. A lokacin baƙi goma sha ɗaya nake da su, duk daga Najeriya. Babbansu Garba ne, Bazamfare, mai ɗinkin buhu a rumbunan kokon cakulan da ke kusa da tashar jiragen ruwa, wadda muke ce wa por. Shekara goma sha biyu yana gidan nan. Shi ya yanka ragon sunan Hadiza. Dogo ne, mai surutu, basillarsa kullum tana soke a hularsa. Ba ya iya cin abinci bai tsokani mahaifiyarku Asabe ba.

"Uwar gida, wagga miya ko ruwan kogin Wuri? Ga gishiri kamar teku ta shigo."

"To ajiye kwanon, Garba, akwai masu so."

"Af, ni na ce ba ni so? Ƙaro dai."

Sai Hamidu. Ɗan maƙwabcinmu ne, a New Bell aka haife shi kamar ni, kakansa ma baƙo ya sauka a gidanmu, a ɗaki na biyu daga zaure. Ya yi karatu fiye da kowa a layinmu, yana koyarwa a wata makaranta. Da aka buɗe jam'iyyu ya ce zai nemi kujerar depite, wato ɗan majalisa. Abokin takararsa attajiri ne mai sayar da katako, yana raba shinkafa da sabulu da atamfa gida gida. Hamidu ba shi da ko keke. Maganarsa ɗaya ce a duk inda ya tsaya: a sa wa kuɗin kamfe iyaka, kada mai buhu ya saye ƙuri'ar mai yunwa, kowa ya bayyana inda ya samo abin da yake kashewa. Na yarda da wannan magana a lokacin, kuma har yau na yarda da ita. Ku rubuta wannan ku ajiye, kada wani ya ce muku ra'ayinsa na ƙi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hamidu ya shigo zaure ya zauna a ƙasa, ya ce ko takardun liƙawa a bango ya kasa bugawa. Garba ne ya cire hularsa, ya zare basillar, ya kifa hular a tsakiya. Baƙin nan babu mai ƙuri'a a cikinsu ko ɗaya, kuma a watannin nan wasunsu sau ɗaya suke cin abinci. Kowa ya laluba ya jefa abin da ya samu. Bayan haka su ne suka riƙa ɗaukar benci a ka zuwa wurin taro, su suka liƙa hotunansa daga nan har unguwar Village. Hamidu ya yi ƙwalla a zauren nan, na gani da idona.

"Yaya Sale," ya ce, "in Allah ya ba ni kujerar nan, mutanen gidan nan ba za su ƙara gudun ɗan sanda ba. Katin zama zan sa a yi musu, kowa da nasa."

Ya ci zaɓe. Ya tashi daga New Bell ya koma unguwar manya, ban ga laifinsa ba, kowa yana son inda ruwa ba ya shiga ɗaki da damina. Bayan wata takwas ya aiko a kira ni. Ya ce lokacin cika alkawari ya yi, amma ofis ba ya aiki da baki. Yana son jerin baƙin gidana a rubuce: suna, gari, sana'a, da wanda yake da takarda da wanda ba shi da ita. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ga ranar da na daɗe ina jira ta zo, ranar da tsari zai yi amfani. Na sayo farar takarda da biro biyu, baƙi da ja. Na ja layi huɗu. Na jera su bisa ga wanda ya riga sauka, Garba na ɗaya. A layin ƙarshe na rubuta "babu" da jan biro sau goma sha ɗaya, don ya fito sosai mai karatu kada ya wahala. Asabe ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

"Malam, Baba bai hana wannan ba?"

"Zamanin Baba daban, wannan daban. Hamidu ne fa."

"Na san Hamidu ne. Takardar ce ban sani ba."

Garba ma da na tambaye shi cikakken sunansa da na ƙauyensu, sai ya dube ni.

"Maigida, mi za a yi da sunana? Shekara goma sha biyu Garba ya wadatar."

"Kati za a yi maka, ka daina shiga kwalbati in ka hango kaki."

"To, tunda kai ka ce."

Wannan kalma tasa, tunda kai ka ce, ita ce ba ta barina barci har yanzu. Ba don Hamidu suka bayar ba. Don ni suka bayar.

Na kai takardar da hannuna. Sati shida babu labari. Rannan da la'asar muna zaure rediyo a kunne, sai muka ji muryar Hamidu yana bayyana ra'ayinsa a kan abin da yake so majalisa ta duba. Ya fara da tsohuwar maganarsa ta iyakance kuɗin kamfe, har Garba ya ce a ƙara murya, ga mutuminmu. Sai Hamidu ya ɗora. Ya ce iyaka kaɗai ba ta isa ba, dole a haramta kuɗin wanda ba ɗan ƙasa ba ya shiga zaɓe, domin kuɗin baƙi yana lalata siyasar ƙasa. Ya ce kuma a halin da ake ciki, samarin ƙasa na zaune ba aiki, bai kamata a bar baƙon da ba shi da katin zama yana dako ko ɗinki a por da kasuwanni ba. Da Faransanci ya yi maganar, yawancinsu ba su gane duka ba. Suka juyo gare ni in fassara. Na fassara rabin farko, na ce sauran surutun 'yan siyasa ne. Wannan shi ne laifina na biyu. Da na faɗa musu gaskiya a ranar, da sun watse cikin gari, wasu Village, wasu gidajen 'yan uwa, babu wanda zai same su.

Ranar Talata aka zo, da hantsi. An yi ruwa da safe, shi ya sa ba wanda ya fita da wuri, duk suna zaure ana shan koko da ƙosai. Babbar mota ta toshe bakin layi. Masu kaki biyar suka shigo, babbansu da takarda a hannu. Ban buƙaci in matsa kusa ba. Layukana na gani, da rubutuna, an yi mata hoto a inji, jan biron ya koma baƙi. Ya fara kira daga sama kamar malami a aji, a jeren da na tsara masa. Garba ya ajiye kofinsa ya miƙe. Na biyu ya miƙe. Na uku. Babu wanda ya gudu, domin ina za ka gudu an kira ka da sunan ubanka da na ƙauyenku? Na ce wa mutumin kuskure ne, takardar ta neman kati ce, depite ne ya karɓa. Ya ce shi bai san wannan ba, aikin da aka ba shi yake yi.

Akwai mutum na goma sha biyu a zauren. Magidanci ne, shiru-shiru, kwanansa biyu da sauka daga motar albasa. Da babban ya gama kiran sunaye sai ya nuna shi da biro, ya tambaye ni wane ne wannan, me ya sa ba ya cikin jerin. Ni kuwa wallahi ban san sunansa ba, bai cika kwana uku ba. Asabe ce ta leƙo daga bayan labule.

"Ƙanena ne. Duba ni ya zo yi."

Mutumin ya dubi takarda, ya ƙirga kawuna goma sha ɗaya, lissafinsa ya cika, ya juya. Ƙa'idar kakanku da na raina ita ta tsare mutum ɗaya a gidan nan. Tsarina kuwa ya miƙa goma sha ɗaya.

A bakin mota Garba ya zare basillarsa daga hula ya miƙo mini, ya ce ba za a bar shi da ita ba. Layi duk ya fito ana kallo. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

"Maigida, rubutunka na da kyau," ya ce. "Ko kuskure ɗaya bai yi ba wajen kira."

Kwana tara suka yi a tsare, ina kai abinci safe da yamma, wani lokaci a karɓa wani lokaci a kore ni. A na goma aka ce an wuce da su iyaka. Kayansu suna ɗakuna, akwatuna a kulle, wani wankinsa yana kan igiya.

A cikin kwana taran nan sau huɗu na je gidan Hamidu. Sau uku mai gadi ya ce ba ya nan. A na huɗu na zauna a bakin ƙofa tun safe har ya fito zai shiga mota, dole ya shigar da ni. Ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ban taɓa ba. Ya ce takardar ofis ya miƙa don a yi kati, daga can ta faɗa wani hannu, shi ma abin ya dame shi. Na ce to ya ɗaga tarho ya ce a sake su. Ya ce ba zai iya ba, mutumin da ya tsaya a rediyo ya faɗi abin da ya faɗa ba zai koma yana roƙa wa marasa kati ba, za a ce yana wasa da hankalin jama'a.

"Yaya Sale, ka duba da idon basira. Samari nawa ne a New Bell suke zaman banza? 'Ya'yanmu ne, a nan aka haife su. Ni su na wakilta. Waɗancan ba su zaɓe ni ba."

"Ba su zaɓe ka ba. Wa ya ɗauki bencinka?"

"Na gode musu. Amma ƙasa da doka take tafiya. C'est la loi, Yaya."

"Kuɗin baƙi da ka ce yana lalata siyasa, na cikin hular Garba kake nufi? Da shi aka buga fuskarka. In haram ne, kai ne farkon wanda ya ci."

"Shi ya sa nake so a hana. Na san yadda yake ɗaure mutum."

Kun ji. Abin da ke damunsa ke nan. Ba yunwar samari ba ce kaɗai, ko da yake yunwar gaskiya ce, ni ma ina da saurayi a gida yana zaune. Nauyin hular nan ne ya ishe shi. Yana so ya tsaya a gaban manya a matsayin mai tsabtar hannu, ga kuma mutum goma sha ɗaya a New Bell da suka san da kuɗin wa ya fara. Ban ce shi ya aiko da motar ba, ban gani ba, kuma ba na faɗin abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne tarho yana gefen hannunsa, ya ƙi ɗagawa. Na ce masa kakansa a ɗaki na biyu ya kwana, ba kati ba takarda, da a lokacin akwai depite irinsa da a wani ƙauye aka haife shi yana kiwon awaki. Ya ce zamani ya canza. Kalmar da na faɗa wa Asabe ita ya mayar mini, kusan harafi da harafi.

Daga nan ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani kati mai tambari. Ya ce rumbun koko da Garba yake aiki yana neman 'yan ƙasa yanzu, gurabe sun buɗe, ya riga ya sa sunan Musa. Aiki ne tabbatacce, da albashi duk wata, abin da a shekarar nan mutum zai yi kuka ya samu. Musa, kana da shekara ashirin da biyu, ka gama makaranta shekara uku kana zaune, kana son yarinyar nan 'yar gidan mai nama, iyayenta suna jiran ka sami abin yi. Duk na san wannan, yana gabana a lokacin kamar yadda katin yake gabana. Hannuna har ya motsa zai ɗauka. Ba zan ɓoye muku ba.

"Gurbin wa?" na ce.

"Gurbi gurbi ne, Yaya."

"Kujerar Garba ce, ko ta kusa da ita?"

Ya ƙara turo mini katin. Na tashi na bar katin a kan tebur kusa da lemon. Ya biyo ni har ƙofa yana cewa in yi tunanin yaron, kada fushi ya sa in cuci ɗana. Na ce masa daga yau kada ya ƙara ce mini Yaya, kuma kada ya taka zauren Malam Idi.

Na dawo a ƙafa. Ban ɓoye wa kowa ba, a tsakar gida na faɗa. Musa, ka tuna abin da ka ce.

"Baba, an riga an tafi da su. Ƙin karɓar zai dawo da su ne?"

Ba zai dawo da su ba, kuma ban ba ka amsa a ranar ba, tsawa na yi maka. Ga amsar yanzu. Da ka shiga rumbun nan, da maganar da ake yi a layi ta zama gaskiya: Sale ya ba da mutum goma sha ɗaya ya karɓi aiki ɗaya. Da kowace loma da za ta shigo gidan nan kuɗin Garba ce. Na riga na yi kuskure da biro, kuskure ne, Allah ya sani. In na karɓi katin ya tashi daga kuskure ya koma ciniki. Na san abin da ka biya. Yarinyar ta auri wani. Ka yi shekara huɗu kana tura amalanke a Marshe Santiral da takardar makaranta a akwati. Ka yi shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kai ka biya bashin laifin da ni na yi, wannan ban musa ba, kuma shi kaɗai nake neman ka yafe mini. Ƙin katin kuwa, ko yau aka kawo shi zan sake ƙi.

Shawarar Hamidu ba ta je ko'ina a majalisa ba, ba a sa wa kuɗin kowa iyaka a lokacin ba. Da zaɓe ya zagayo, motar shinkafa da sabulu ta shigo layinmu da hotonsa a jiki. Aka ajiye buhu a ƙofar gidan nan. Asabe ba ta jira ni ba, ta sa aka ja shi zuwa tsakiyar titi, ya wuni a nan har wani ya ɗauke. Baƙi kuwa sun daina zuwa. Labari ya riga ya kai tasha cewa gidan Malam Idi ana rubuta mutane. Masaukin da ya yi shekara hamsin a buɗe, a hannuna ya mutu. Mutumin nan na goma sha biyu shi ne baƙonmu na ƙarshe. A rana ta uku, da lokacin tambayar sunansa ya yi, na ce ya riƙe abinsa. Ya yi wata biyar tare da mu, Baƙo muke ce masa har ya tafi.

Na aika saƙo Zamfara sau uku ta hannun direbobi, da akwatin Garba a na farko. Akwati ya isa, an tabbatar mini. Amsa ba ta zo ba. Basillar ban aika ba, tana cikin aljihun babbar rigata ta Juma'a, in na mutu za ku same ta.

Rabi, ke da kike buga mini wannan a inji, na san za ki tambaya, domin kin gaji son tsari daga gare ni: ina sunayen sauran goman? Suna kaina, a jere, da garuruwansu da sana'o'insu, ina karanta su bayan kowace sallar asuba ina yi musu addu'a. Wanda yake so a cikinku ya zo ya zauna kusa da ni in faɗa masa da baki, ya haddace. A takarda kuwa a'a. Shi ma wanda na kira Garba a babin nan, ba sunansa ba ne.